ZINARIYAR DA TEKU TA AJIYE: NAZARIN TSOFAFFIN KUƊI DAGA GAƁAR INGILA ZUWA BOƊINGA DA SHAGARI

1.0 Gabatarwa

Mai karatu na iya tambayar abin da ya haɗa ɗalibin Hausa da jiragen ruwan da suka nitse a teku, alhali kuwa ƙasar Sakkwato ba ta san wani ruwa da ya wuce gulbin Rima da na Kwara ba. Amsar ita ce, wani kaso na zinariyar da masu nutso suke tsamowa daga waɗannan jirage daga Afirka ta Yamma ya fito, kuma kafin ya kai bakin teku sai da ya bi ta hannun fatake da sarakunan da tarihinsu yake haɗe da namu.

Manufar wannan maƙala ita ce a yi abu uku. Da fari za a duba sana'ar tsamo sulallan zinariya daga jiragen 'yan kasuwa na da, da abin da ake koya daga gare su. Na biyu, za a komo gida a duba irin kuɗin da aka yi ciniki da su a yankin Boɗinga da Shagari, da sawun da suka bari a bakin Hausawa. Na uku, za a tattauna matsalar mallaka: in an tsinci irin wannan dukiya, ta wane ne, kuma me ya kamata a yi da ita? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi shafar mu, domin tsofaffin kuɗin da suka rage a gidajenmu kullum raguwa suke yi.

2.0 Jiragen da Suka Nitse

Zinariya ta bambanta da sauran ma'adinai da abu guda: ba ta tsatsa. Baƙin ƙarfe in ya daɗe cikin ruwan gishiri sai ya ruɓe ya cuɗe da yashi, azurfa kuwa ta yi baƙi ta zagwanye. Amma dinari ko ya shekara ɗari huɗu a ƙarƙashin teku, da an wanke shi za a karanta rubutun da ke jikinsa sarai. Wannan ne ya sa attajiran Turai da Amurka masu sha'awar tara tsofaffin sulalla suke ribibinsa. Abin da suke biya ba kuɗin nauyin zinariyar kaɗai ba ne, har da ƙarancin irinsa, da kyan bugunsa, da kuma labarin jirgin da aka same shi a ciki.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na wani jirgi da ya nitse daura da garin Salcombe a lardin Devon, kudu maso yammacin Ingila. A shekarar 1995 wasu masu nutso suka tsamo sulallan zinariya fiye da 400 a wurin, tare da gutsattsarin kayan ado da dunƙulen zinariya. Rubutun jikin sulallan na Larabci ne, kuma akasarinsu sarakunan gidan Sa'adiyawa na Maroko ne suka buga su, cikinsu har da Ahmad al-Mansur wanda ya yi mulki daga 1578 zuwa 1603. Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan ya saye su a 1999.

A nan akwai darasi game da yadda masana suke aiki. Kowane dinari yana ɗauke da sunan sarkin da ya buga shi, sau da yawa har da gari da shekarar Hijira. Mafi sabunta daga cikin na Salcombe na zamanin Sarki al-Walid ne, wanda ya hau gado a 1631. Tun da jirgi ba zai ɗauki kuɗin da ba a riga an buga ba, ke nan bai nitse kafin wannan shekara ba. To, da a ce masu nutson sun raba sulallan a tsakaninsu kowa ya sayar da nasa, da wannan hujja ta watse, domin sai an jera su duka kafin a gane wanne ne ƙarami a shekaru.

Akwai wasu jiragen biyu da ya kamata a ambata. Na farko shi ne Bom Jesus, jirgin 'yan kasuwar Fotugal da ya tashi daga Lisbon a 1533 zai tafi Indiya ya ɓace. A 2008 ma'aikatan haƙar lu'ulu'u suka ci karo da shi a Oranjemund, gaɓar Namibiya. An sami sulallan zinariya wajen 2,000 na Sipaniya da Fotugal, da curin tagulla masu yawa, da haurun giwa fiye da 100. Binciken da aka yi wa haurun ya nuna na giwayen Afirka ta Yamma ne. Na biyu shi ne Whydah, jirgin fataucin bayi da ya ci sunan tashar Wida ta ƙasar Dahomi. 'Yan fashin teku suka ƙwace shi, ya nitse da su a gaɓar Cape Cod ta Amurka a 1717. Da aka gano shi a 1984, an sami guntayen kayan adon zinariya na mutanen Akan, watau ƙabilar da Asantawa suka fito daga cikinta.

3.0 Hanyar Zinariya da Alaƙarta da Ƙasar Kabi

Maroko ba ta da ramukan zinariyar da za su ishe ta buga dinari mai yawa haka. Tun ƙarnoni da dama zinariya tana fitowa ne daga Bambuk da Bure, a yankin da kogunan Senegal da Kwara suka faro, daga baya kuma daga dazuzzukan Akan. Daga nan sai ta bi ta Jenne da Tambutu, raƙuma su ƙetara Sahara da ita zuwa Sijilmasa da Marakish. Ita ce zinariyar da Mansa Musa ya yi ta kyauta da ita a Masar a kan hanyarsa ta zuwa hajji a 1324.

Kwaɗayin mallakar wannan hanya ne ya sa Ahmad al-Mansur ya turo runduna ƙarƙashin Judar Basha, ta karya mayaƙan Songhai a Tondibi a 1591. Dukiyar da aka kwasa bayan wannan yaƙi na daga cikin dalilan da suka sa aka yi masa laƙabi da al-Zahabi, watau mai zinariya. Ragowar Askiyawa suka ja da baya zuwa ƙasar Dandi suka ci gaba da turjiya, kuma maƙwabciyarsu ta gabas ita ce Kabi, daular da Muhammadu Kanta ya kafa, wadda kufan birninta na Surame yana nan a Jihar Sakkwato. Akwai wasiƙar da al-Mansur ya aika wa Kanta Dawuda yana yi masa barazana a kan goyon bayan da yake bai wa Songhai. Saboda haka sarkin da sunansa yake jikin dinaran Salcombe ba baƙo ba ne a tarihin wannan yanki namu.

Ita ma Sahara tana da nata jiragen da suka nitse. A 1964 wani masani Bafaranshe, Théodore Monod, ya kai ga kayan wani ayari da aka binne aka bari a Ma'den Ijafen cikin hamadar Muritaniya: sandunan farin ƙarfe da tagulla a gauraye fiye da 2,000, tare da tarin wuri. A ƙasar Katsina kuwa, kaburburan Durɓi ta Kusheyi, waɗanda aka tona a 1907 aka kuma sake tonawa a 1992, sun fito da kayan adon zinariya da wuri da tasoshin ƙarfe. Wannan ya tabbatar da cewa ƙasar Hausa tana cikin wannan ciniki tun kafin jihadi da ƙarnoni.

4.0 Kuɗi a Ƙasar Boɗinga da Shagari

Boɗinga da Shagari suna kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta yi kudu maso yamma zuwa Tambuwal da Jega. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna bayan ya baro Gwandu, har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga, kuma a can yake lokacin da Shehu ya rasu a 1817. Jega kuwa ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daula a ƙarni na 19, mashigar fataken Gwanja masu kai kanwa da tufafi su komo da goro. Ke nan wannan yanki ya ga malamai masu lissafin dukiya bisa shari'a, ya kuma ga madugai masu ɗaukarta bisa jakai.

Duk da girman Daular Sakkwato, ba ta buga sulalla nata na kanta ba. Kuɗin da aka yi aiki da su iri uku ne.

4.1 Miskali

Miskali awo ne na zinariya, kimanin giram 4.25, daidai da nauyin dinarin shari'a. Talaka na iya rayuwa har ya mutu bai taɓa riƙe shi ba, amma hukunce-hukuncen da suka shafe shi da shi aka auna su. A littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Risala da Muhtasar, nisabin zakkar zinariya dinari 20 ne, watau kimanin giram 85. Mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari. Diyyar rai kuwa dinari 1,000 ga ma'abota zinariya. Aikin alƙali shi ne ya juya wannan awo zuwa abin da mutane suke da shi a hannu. Har yau wannan aiki bai tsaya ba, sai dai da naira ake yin sa maimakon wuri.

4.2 Wuri

Wuri shi ne kuɗin kasuwa. Ɓawon wata 'yar halittar ruwa ce da ake samu a tsibiran Maldibis cikin Tekun Indiya. Jiragen Turawa suka riƙa lodinsa a matsayin kayan danne jirgi, su kai Turai, daga nan su sauke shi a gaɓar Afirka ta Yamma su sayi bayi, daga baya kuma manja. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa (1703 zuwa 1731) wuri ya shigo ƙasar Hausa. Abin lura a nan shi ne, kuɗin da kakanninmu suka sayi dawa da shi a kasuwar Shagari sai da ya ratsa tekuna biyu cikin jirgin ruwa kafin ya iso.

Wahalar wuri ita ce nauyi da ƙirga. Ana zuba guda 20,000 cikin keso, kuma keso guda kayan mutum ne sosai. Bature mai yawon buɗe ido Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851 ya kuma bi ta Sakkwato zuwa Gwandu a 1853, ya tarar ana canza dalar azurfa guda a kan wuri 2,500 a Kano. Bisa wannan lissafi, abin da ƙato yake nishi a ƙarƙashinsa bai wuce sulallan azurfa takwas ba. Daga tsakiyar ƙarni na 19 'yan kasuwar Jamus suka fara shigo da wani irin wuri mai araha daga gaɓar Zanzibar, ya yi yawa, darajarsa ta yi ta faɗuwa. A 1904 gwamnatin Lugga ta hana shigo da wuri Nijeriya ta Arewa.

4.3 Liyari da Kuɗin Turawa

Liyari shi ne sulen azurfa na ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tereza. Nauyinsa kimanin giram 28 ne. Ya shigo ta hanyar Tarabulus da Barno, attajirai suka mai da shi abin ajiya, maƙeran fari kuma suka mai da shi abin narkawa su ƙera mundaye da zobba da kayan doki. A nan akwai tarkon da ya kamata ɗalibi ya sani. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga sulen da wannan shekara a jikinsa, a Biyana da wasu biranen kamar Landan da Rum da Bombai, har cikin ƙarni na 20. Don haka ganin 1780 a jikin liyari ba hujja ba ce cewa a shekarar aka buga shi.

Bayan zuwan Turawa aka kawo kwabo da anini masu huji a tsakiya, da rubutun Larabci a jikinsu, tun daga 1907. An kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, Babban Bankin Nijeriya ya fitar da kuɗin ƙasa a 1959, sa'an nan naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule ranar 1 ga Janairu, 1973.

5.0 Sawun Kuɗi a Harshe

Nan ne rabon ɗalibin harshe yake. Kalmar "kuɗi" kanta asalinta jam'in "wuri" ce, Sakkwatawa kuwa suna cewa "kuɗɗi". Wuri ya bar kasuwa tun tuni, amma mai labarai in zai faɗi kuɗi masu yawa sai ya ce wuri na gugar wuri har naira kaza. "Zambar" ta lissafin dubban wuri ce. "Miskali" da "dinari" da "liyari" daga Larabci suka zo, suna nuna hanyar arewa. "Kwabo" da "sule" da "fam" daga Ingilishi suke. "Dala", wadda ta zama sunan sule biyu, ta faro ne daga sunan dalar azurfa, ita kuwa "fataka" mai ma'ana guda da ita tana komawa ga wani sulen Fotugal da Sipaniya, ta nuna hanyar kudu ta bakin teku. Wanda bai taɓa ganin anini ba ma yana cewa ba shi da ko anini, ana kuma kiran alamar kafaɗar hafsan soja da wannan suna.

Ashe ke nan harshe ma wata irin teku ce: abin da ya nitse a cikinsa ba ya ruɓewa. Amma kalma in ta rabu da abin da take nufi, ma'anarta takan dushe. Yaron da ya san "taro" da "sisi" da "nai" a karin magana kaɗai, bai san kwabo uku da shida da tara ba ne, ya rasa rabin abin da ake faɗa masa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa adana su kansu sulallan ya zama aikin Sashen Hausa, ba na masu tarihi kaɗai ba.

6.0 Na Wane ne Abin da Aka Tsinta?

Malaman Malikiyya sun rarrabe tsakanin abu uku. Dukiyar da mutanen jahiliyya suka binne ita ce rikazi: wanda ya same ta zai fitar da humusi, watau kashi ɗaya cikin biyar. Dukiyar da take da alamar Musulmi ko wanda ke ƙarƙashin amanarsu tsintuwa ce, sai an yi cigiya shekara guda. Abin da teku ta tofo wanda bai taɓa zama mallakar kowa ba, kamar ambar, na wanda ya tsinta ne. Amma in ya taɓa shiga hannun wani, sai hukuncinsa ya koma ga ɗaya daga cikin biyun farko. Ma'ana, faɗawa ruwa ba ya yanke haƙƙin mai abu.

Dokokin zamani ma sun doshi wannan hanya. A 2007 wani kamfanin Amurka ya kwaso sulalla kusan 600,000, akasarinsu na azurfa, daga jirgin Sipaniya mai suna Nuestra Señora de las Mercedes wanda ya nitse a 1804. Bayan doguwar shari'a kotunan Amurka suka ce a mayar, aka kuwa mayar wa Sipaniya da su a 2012. Yarjejeniyar UNESCO ta 2001 ta haramta mayar da kayan tarihin da suka shekara 100 a ƙarƙashin ruwa abin ciniki. A gida kuwa, Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana tonon kayan tarihi da fitar da su waje ba tare da izini ba, ta kuma taƙaita cinikinsu.

Sai dai kafa doka daban, kiyaye ta daban. Mutum-mutumin yumɓu na Nok da na yankunan Katsina da Sakkwato an yi ta tone su a ɓoye ana fita da su, har aka sanya su cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari wanda Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta fitar a 2000. Yawancinsu ba a san ramin da aka ciro su ba, don haka ba su iya ba da shaida a kan komai.

7.0 Aikin da Ke Gabanmu

Ba a cewa duk mai tara tsofaffin kuɗi mai ɓarna ne. Sau da yawa shi ne ya tsamo su daga bakin wutar maƙera. Bambancin mai ɓarna da mai gyara shi ne rubutu: mai gyara yakan rubuta inda abu ya fito da hannun da ya bi. Liyarin da ke cikin adakar wata tsohuwa a Boɗinga, in an san cewa na sadakin kakarta ne, kuma mijin bafataken Gwanja ne, ya zama shafin tarihi. In dillali ya saye shi da awo, ya koma azurfa giram 28 kawai.

Saboda haka ga shawarwari ga 'yan'uwa ɗalibai, musamman 'yan asalin wannan yanki. A lokacin hutu a nemi izinin dattawa a ga abin da suka ajiye, a ɗauki hotonsa gaba da baya, a auna shi, a rubuta sunan da suke kiransa da shi da karin harshensu. A tambayi abin da ake saye da shi, da yadda ake ƙirga wuri, da kalmomin ƙirgar. Kada a goge tsohon sule da toka ko yashi don ya yi ƙyalli, domin gugar tana cinye rubutun. Kada a raba abin da aka samu a tukunya guda. In manomi ya ci karo da tukunyar wuri ko ta sulalla a gona, a ba shi shawara ya sanar da hakimi da ma'aikatan tarihi, irin na Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, kafin a taɓa wurin. A kuma gargaɗi jama'a game da 'yan damfara masu yawo da farin ƙarfe da aka rina suna cewa dinarin da ne aka tono, da masu ruɗin mutane cewa kwabo mai huji zai mai da su attajirai dare ɗaya.

8.0 Kammalawa

An ga yadda dinaran da aka tsamo a gaɓar Ingila suke da alaƙa da zinariyar Afirka ta Yamma, da yadda sarkin da ya buga wasu daga cikinsu ya taɓa aika wa Sarkin Kabi wasiƙa. An ga cewa a Boɗinga da Shagari an yi hukunci da miskali, an yi ciniki da wuri, an yi ajiya da liyari, kuma dukansu sun bar suna a harshe. An kuma ga cewa shari'a da doka sun haɗu a kan cewa tsintuwa ba ta zama halaliyar mai tsinta kai tsaye.

Teku ta riƙe amanar dinaran Salcombe fiye da shekara 350, ta mayar da su ba tare da harafi guda ya goge ba. Mu kuwa tun daga 1973 zuwa yau mun bari sulallan iyayenmu suna ta salwanta, masu iya bayaninsu kuma suna ta ƙaura. Dattawan da suka yi ciniki da sule da sisi suna nan da ransu, wasunsu ma sun ji labarin wuri daga bakin waɗanda suka ƙirga shi. Abin da ya rage shi ne a je a tambaye su tun suna iya amsawa. Allah ya sa mu dace, amin.